Gida a Romi: kada a biya sai kin taka da ƙafarki

 Yau za mu ɗan jingine maganar allurar rigakafi da abincin yaye, mu shiga maganar gida, saboda wani saƙo da wata 'yar'uwa ta turo min daga Kaduna.

Shekararsu tara a gidan haya, da yara uku. Maigidanta yana aiki a tsallaken kogi, ɓangaren kudu, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya fara cin na cefane. Ta kwashi adashi sau biyu ta miƙa masa, ta sayar da sarƙarta ta gwal da 'yan kunne, aka haɗa da abin da ya tara. Dillali ya kai shi Romi ya nuna masa gida biyu. Ɗaya tsohon gini ne mai ɗaki uku a cikin unguwa, tsakar gidan ba ta wuce ta shanya ba. Ɗayan sabo fil, ɗaki huɗu da falo, ga fili a baya har na shuka, amma can bakin unguwa inda gine-gine suka fara tsinkewa, kuma ya fi na farkon araha nesa ba kusa ba. Shi ya gani da idonsa, ita a waya ta ga hoto. Ya ce ta zaɓa kafin ƙarshen wata, don dillali ya ce akwai wani mai so.

Ban taɓa jin dillalin da ya ce babu wani mai so ba.

Abin da na ce mata shi zan faɗaɗa miki a nan. Ba a zaɓen gida a hoto, kuma a cikinku biyu ke ya kamata ki fi takawa. Maigida zai fita da bakwai na safe, sai bayan isha'i ya dawo, kwana kawai yake yi a unguwar. Ke ce mai zama a cikinta. Ke za ki san ko rijiya tana ƙafewa a watan Maris, ke za ki goya mai zazzaɓi ki fita neman Keke, ke za ki ji ƙarar babur da tsakar dare ki kasa komawa barci ranar da ya yi tafiya. Ko da kina fita aiki kamar ni, wahalar unguwa a kanki take ƙarewa.

Ga waɗanda ba 'yan Kaduna ba, Romi ko Unguwar Romi tana cikin ƙaramar hukumar Chikun, a kudancin kogin Kaduna, tsakanin Television, Sabon Tasha da Gonin Gora. Asali ƙasar Gbagyi ce da gonakinsu. Masana'antu ne suka fara jawo mata baƙi. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai ta fara aiki a 1980. Ma'aikacin da Kakuri ta yi wa tsada ko cunkoso sai ya matsa gaba ya sayi gona ya yi ɗaki biyu. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, amma mutanen ba su tashi ba. Da yawa daga tsofaffin gidajen da ake tallarsu yanzu na waɗannan iyayen ne, 'ya'yansu ke sayarwa. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo maganar takarda.

Sai kuma abin da dillali ba zai fara ɗauko miki ba, mu ma a Kaduna da ƙasa-ƙasa muke yinsa. Rikicin Fabrairun 2000 ne ya mayar da kogi iyaka. Na Nuwamban 2002 da na bayan zaɓen 2011 suka ƙara zurfafa ta. Musulmi da yawa suka bar kudu suka koma arewa, Kirista da yawa suka bar arewa suka koma kudu. Wasu sun yi musayar gida da gida, wasu sun sayar a farashin gudu, wasu ko ƙofa ba su samu rufewa ba. Haka Romi da Sabon Tasha suka cika suka batse, kamar yadda Rigasa ta cika a ɗaya ɓangaren. Yau mafi yawan mazauna Romi Kirista ne: Gbagyi, Bajju, Atyap, Jaba, Ibo, Yarbawa da sauransu, ko da yake Hausa za ki ji ana ciniki da ita a kasuwa.

Wannan fili Musulma na karanta shi, Kirista na karanta shi, kuma ba zan ce wa kowa kada ta zauna cikin waɗanda ba addininsu ɗaya ba. Matar da ta koya min neman jijiya a hannun jariri ba addininmu ɗaya ba, kuma har gobe ita nake kira in abu ya cushe min. Ina fata in ga ranar da Kaduna za ta sake gauraya kamar yadda iyayenmu ke ba mu labari, kamar yadda Barnawa ta ɗan riƙe har yanzu. Amma haya daban, saye daban. 'Yar haya in hankalinta bai kwanta ba mota ɗaya ta ishe ta. Wadda ta saya kuwa, gwal ɗinta da adashinta suna cikin bulo. Don haka, ko Romi ce ko Rigasa, in za ki zama cikin 'yan tsiraru a layi, ki yi tambayar da ake jin nauyin yi. Ina masallaci ko coci mafi kusa? Ina yara za su je islamiyya ko makarantar Lahadi, kuma su kaɗai za su iya zuwa? Me ya faru a wannan layin a 2011, da lokacin dokar hana fita ta Oktoban 2018? Wa ya ɓoye wa? Tsohuwar da ta shekara ashirin a layin za ta faɗa miki, in kin gaishe ta da kyau kin zauna. Akwai layukan da amsar za ta faranta miki rai, akwai waɗanda shirun da za a yi kaɗai ya ishe ki amsa.

Yanzu Romi tana sake canjawa, kuma wannan canjin ne ke ruɗar mai saye. Haya ta yi tsada a cikin gari, ga unguwar kusa da hanyar Abuja, don haka matasan ma'aikata suna ta shigowa. Ana rushe tsofaffin gidajen haya masu ɗakuna a jere ana tayar da na zamani, gonaki wajen Karatudu suna zama fulotai. Dillali zai nuna miki daji ya ce nan da shekara biyu duk nan gari ne, kwalta na zuwa. Mai yiwuwa ne. Amma yaronki ba zai jira shekara biyu kafin ya yi zazzaɓi ba. Ki sayi unguwar da kika gani yau, in ta gyaru gobe riba ce.

Araha ba ta ado. Gidan bakin unguwa bai yi sauƙi don mai shi yana ƙaunarku ba. Chikun na cikin ƙananan hukumomin da masu garkuwa da mutane suka fi addaba a shekarun nan. A Yulin 2021 an kwashe ɗalibai sama da 120 daga makarantar Bethel Baptist da ke Damishi, kan hanyar Kachia. A farkon 2024 aka ɗauke mutum 16 a Gonin Gora, maƙwabciyar Romi, har ɓarayin suka nemi naira tiriliyan 40, kuɗin da ko gwamnati sai ta yi tsaki. Ba kudu kaɗai ba ce: a Maris ɗin 2021 daga kwalejin gandun daji ta Afaka, can arewacin gari, aka kwashi ɗalibai. Abin da ya haɗa wuraren nan ba addini ba ne, bakin daji ne. Gidan ƙarshe a layi shi ne na farko ga mai fitowa daga daji. Ki tsaya a bayan katangar gidan ki duba: gidaje nawa ne tsakaninki da gona, kuma nawa ne a cikinsu ake kwana? Kangon da ba rufi ba maƙwabci ba ne. Ki tambayi nawa ake biyan 'yan sintiri a wata, da ko akwai waɗanda suka gama gini suka kulle suka koma haya cikin gari. In akwai, ruwa ba ya tsami banza.

Daga nan sai ruwa, kuma a nan zan daɗe, don shi ne abin da nake gani a gadon asibiti.

Rafin Romi yana ratsa yankin kafin ya zuba a kogin Kaduna, kuma gidajen da ke gangare kusa da shi sun sha shan ambaliya. Dillalai sun fi son nuna gida da rani, lokacin da ko fadama ta bushe ta yi kyau. In da hali, ku ja cinikin har Agusta ko farkon Satumba, ki je washegarin ruwa mai ƙarfi, da takalmin roba. In ba za a iya jira ba, bango ba ya ƙarya. Ki duba ƙasan katanga ta waje ko akwai layin da ruwa ya bari. Ki lura in an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai. Ki shiga ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba ki shaƙa, warin danshi ba ya ɓuya. Ki ga ko maƙwabta sun ɗaga dokin ƙofarsu da bulo biyu ko uku, ba don ado suka yi ba. Ɗaki mai danshi shi ne tarin da ba ya warkewa, shi ne yaro mai asma da kullum kuna hanyar asibiti, ga sauro da ke kwana a kwatar da ba ta gudu.

Na sha kuwa ya fi wannan. Yawancin gidajen irin waɗannan unguwanni da rijiya ko burtsatse suke rayuwa. Shawarar da aka saba bayarwa a fannin lafiya ita ce a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai ko sokawe. To ki yi lissafi da ni. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kusan mita 15 ne da 30. Ke nan ko kin kai rijiyarki wannan kusurwa, sokawe ɗinki waccan, da ƙyar kika cika. Rabin fuloti kuwa ba ma a magana. Sannan naki kaɗai kika lissafa. Na maƙwabcin da ke jingine da katangarki fa? Ki leƙa ki ga inda ya haƙa nasa. Na ga gidajen da ake jinyar taifod a cikinsu yaro bayan yaro, uwa tana ta zargin abincin makaranta, alhali rijiyar tsakar gida ce. Ga kuma rafin kansa, wanda ya yi shekara da shekaru yana karɓar ruwan da matatar mai ta zubar. Kafin a biya, ki ɗebi ruwan gidan a kai ɗakin gwaji, su za su faɗa miki irin kwalbar da za ki ɗebo a ciki. Kuɗin gwajin bai kai na kwana biyu a asibiti ba. Ki kuma tsayar da ɗan garuwa ki tambaye shi nawa yake sayar da kura a watan Afrilu. In ya yi murmushi ya ce layin nan kasuwa ce, kin ji amsa.

Ziyara ta biyu da dare za a yi ta, ke da maigida, bayan tara. Mu masu aikin dare mun san abu uku da ba sa jiran gari ya waye: zubar jini bayan haihuwa, jijjigar mai ciki, da yaron da numfashinsa ya sarƙe. Zubar jini na iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu. Akwai asibitoci a kudancin kogi, irin su Gwamna Awan da St. Gerard a Kakuri da babban asibitin Sabon Tasha, in abu ya yi tsanani kuma a haye gada zuwa Barau Dikko. A taswira duk kusa suke. Amma matan da na karɓa a makare, ba nisan asibiti ne ya makarar da su ba. Wata an kulle ƙofar layi, mai makullin ya tafi wani zagaye. Wata mai Keke ya ce ba ya shiga layinsu in an yi ruwa. Wata kuma ba sabis a cikin ɗaki, sai da miji ya fita waje neman inda waya za ta shiga. Don haka ki tambayi ƙarfe nawa ake rufe layi da wanda ke riƙe makulli. Ki shiga uwar ɗaka ki kira wani ki ji ko kira na fita. Ki ƙirga mintuna daga ƙofar gida zuwa kwalta a ƙafa, ki tuna wata rana da goyo za ki yi ta, ko da ciki wata tara.

In aka ce lallai in zaɓa tsakanin irin waɗannan gidaje biyu, zuciyata ta fi karkata ga tsohon na cikin unguwa, in ruwansa mai kyau ne kuma takardarsa ta fita. Ana ƙara ɗaki, ana canja kwano, ana sake fenti. Ba a matso da gida kusa da mutane.

Takarda kuwa, nan ne maza ke cewa ki bar mana. Kada ki bari. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, filin birni a hannun gwamna yake a matsayin amana. Abin da mutum ke samu izinin zama ne, yawanci na shekara 99, wato takardar da ake kira C of O, kuma sayar da gida mai ita sai da amincewar gwamna. A Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da rajistar filaye, KASUPDA kuma ke ba da izinin gini, ita ce kuma mai jan fenti da motar rusau. Takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu tana da amfani, shaida ce cewa an yi ciniki. Amma ba ta hana rusau, banki ma ba ya karɓarta jingina.

Ba sai kin yi nisa ba za ki ga misali. Gbagyi Villa na nan a yankin, unguwa guda da manyan gidaje. Mazaunanta sun ce daga hannun 'yan asalin wurin suka saya, gwamnati ta ce filin kwalejin Kaduna Polytechnic ne. Tun 2016 ake ja, ana shiga kotu ana fita, kuma a watan Mayun 2023 motocin rusau suka shiga. Ko wa ke da gaskiya, matan da aka fito musu da katifa waje ba kotu ce ta kwana da yaransu a daren ba.

Saboda haka a ɗauki lauya, naku ba na dillali ba, ya yi bincike a KADGIS: filin na wanda ke sayarwa ne, ba a jinginar da shi ba, ba ya cikin filin gwamnati ko hanyar da za a fitar, ba a binsa bashin harajin ƙasa. Safiyo ya auna ya tabbatar abin da ke takarda shi ne a ƙasa. A nisanci ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki da kan bututun mai komai arha. A duba bashin wuta da ke kan mitar gidan, don sabon mai gida za a zo yanke wa. In gidan gado ne, kamar waɗancan na tsofaffin ma'aikatan masaƙa, sa hannun babban ɗa kaɗai bai isa ba. Duk magada su sa hannu, mata da maza, har da wanda ke Legas, ko a kawo takardar rabon gado ta kotu. Ƙanwar da ba a tambaya ba yau ita ce mai sammaci bayan shekara biyar. Kuma kada a ba da kafin alƙalami mai nauyi sai binciken ya fito. Dillali la'adarsa yake jira, ranar da ta shiga aljihunsa aikinsa ya ƙare.

Saura magana ɗaya, wadda na san wasu za su ce ina zuga mata. Kuɗinki da ya shiga gidan nan, da wane suna ya shiga? Kyauta ce, rance ne, ko tarayya? Duk ukun halal ne, amma a faɗa, a rubuta, da shaidu. Wannan ba rashin yarda da miji ba ne. Mijin kirki ma mutuwa yake yi, kuma ranar ba da shi za ki yi magana ba, da 'yan'uwansa ne. A Musulunci, in ya bar 'ya'ya, tumunin dukiyarsa ne rabon mata, ɗaya bisa takwas, kuma in ku biyu ne ko uku shi za ku raba. In ba a rubuta cewa kashi kaza na gidan naki ne ba, gwal ɗinki ya shiga gado, za a raba miki abinki a ba ki ɗan yanki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. 'Yan'uwana Kirista kuma kun fi ni sanin labarin gwauruwar da dangin miji suka zo karɓar makulli kafin a share makoki.

In tarayya ce, sunanki cikakke ya fito a takardar ciniki kusa da nasa. Lauyoyi na gargaɗi kan rubuta "Mista da Misis Wane" kawai, don Misis Wane na iya zama wata ba ke ba. In rance ne, a rubuta nawa, da yadda za a biya, mutum biyu su shaida, ɗaya daga danginki. Ki tura kuɗin ta banki maimakon ki miƙa a leda, ki rubuta dalilin turawa a wurin da aka tanada. Ki zaɓi lokacin da ransa ke sanyi ki ɗauko maganar, ba gaban dillali ko gaban ƙannensa ba. In an gama, ki ɗauki hoton kowane shafi, ki tura wa kanki ta imel, ki ajiye kwafi ɗaya a gidanku wajen Mama ko yayanki, don takardar da ke ƙarƙashin katifa tare da katifar ruwa ke tafiya da ita.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan gudawar yara da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari daidai, don na lura har yanzu ana zuba gishirin da cokalin miya.